Ladabin Harshe da Faɗar Gaskiya a Wurin Aiki: Martani ga Gladwell

Akwai ra'ayin da nakan ji a bakin masu horar da ma'aikata, cewa harshen da ya cika girmamawa yana ɗaure bakin na ƙasa, ya hana shi faɗa wa na sama gaskiya, don haka gara a gudanar da aiki da Turanci ko da duk ma'aikatan Hausawa ne. Tushen ra'ayin sananne ne ga manazarta (Whorf 1956, Hall 1976, Hofstede 1980). Amma wanda ya fitar da shi kasuwa shi ne Malcolm Gladwell a littafinsa Outliers (2008), kuma hujjarsa ce nake son a sake aunawa, domin a ganina ba ta ɗauki nauyin da aka ɗora mata ba.

Gladwell ya dogara da hatsarin jirgin Korean Air mai lamba 801, wanda ya faɗi a tsibirin Guam ranar 6 ga Agusta 1997, fiye da mutum 220 suka rasu. Da ya bi maganganun da na'ura ta naɗa a ɗakin tuƙi, sai ya ce mataimakin matuƙi da injiniya sun hango matsala, amma suka yi ta kewaye-kewaye a kan yanayin sama, saboda harshen Koriya yana da matakan girmamawa da ke tilasta wa mai magana ya nuna matsayinsa. Da kamfanin ya wajabta Turanci, in ji shi, sai al'amura suka gyaru.

Tambayar farko ita ce: me ya ɗaure bakin waɗanda ba su da waɗannan matakai? Ranar 28 ga Disamba 1978 jirgin United mai lamba 173 ya faɗi a Portland ta Amurka bayan mai ya ƙare, mutum 10 suka mutu. Kyaftin ya shagala da matsalar tayoyin sauka, abokan aikinsa sun ambaci mai, amma ba su matsa masa ba. Amurkawa ne, Turanci kuma harshensu ne na gida. A Tenerife, ranar 27 ga Maris 1977, injiniyan jirgin KLM ya tambaya ko jirgin Pan Am ya bar titin tashi, kyaftin ya amsa cewa ya bari, ya ci gaba da gudu, jiragen biyu suka yi karo, mutum 583 suka halaka. Matuƙan KLM ɗin kuwa mutanen Holan ne, waɗanda ma'aunin Hofstede ya sa cikin masu ƙarancin tazara tsakanin babba da ƙarami. Hatta jirgin Avianca mai lamba 52, wanda Gladwell da kansa ya kawo, da Turanci matuƙansa suka yi magana da jami'an hasumiyar New York a 1990, kuma Turancin bai sa sun ayyana halin gaggawa ba har mai ya ƙare. Ga alama abin da ya haɗa su duka shi ne kwarjinin wanda ke sama, da kunnen da bai shirya jin gargaɗi ba. Gyaran Korean Air ma ya zo ne tare da sabon tsarin horo, don haka da wuya a ware wa Turanci ladan shi kaɗai.

Idan aka dawo gida, zargin da ake yi wa Hausa ya fi rauni. Kirk-Greene (1974) ya jera gaskiya da kunya da ladabi a cikin siffofin mutumin kirki, kuma Bahaushe bai ɗauke su kishiyoyin juna ba. A ɗauki nas da ta ga likita zai rubuta allurar da aka riga aka yi wa majinyaci. Ba za ta ce ya yi kuskure a gaban ɗalibai da 'yan jinya ba. Za ta matso da katin kusa da hannunsa, ta rage murya, ta ce: "Likita, kamar dai an yi masa wannan da safe." Ko yaron gareji da ya ga za a miƙa wa mai mota makulli, ya ce: "Oga, an kuwa ɗaure birkin bayan nan?" Duk wanda ya tashi cikin Hausa ya san ba tambaya aka yi masa ba, an tsayar da shi ne, an kuma bar masa ƙofar gyara ba tare da ya ji kunya ba. Ina ma jin wannan salon yana sa babba ya karɓi gyara da sauri fiye da gatse, domin bai shiga kare mutuncinsa ba.

Sai dai akwai abin da dole a bar wa Gladwell, kuma a nan zan rage faɗin da'awata. Magana a kaikaice tana buƙatar abu biyu daga mai sauraro: ya san salon, kuma hankalinsa ya kasance a kwance. Likita mai bautar ƙasa da ya zo daga Kudu, wanda ya koyi Hausa a bakin majinyata, yana iya jin "kamar dai" ya ɗauka nas ɗin ce ba ta da tabbas. Wanda ya kwana yana aiki, ko da Bahaushe ne, yana iya jin kalmomin bai ji gargaɗin ba. Inda 'yan daƙiƙoƙi ke raba rai da mutuwa, kamar ɗakin tiyata ko ɗakin haihuwa, jirwaye mai kamar wanka ba ya isa.

Abin da hujjojin suka nuna ke nan, ba su wuce haka ba. Masu sufurin jiragen sama, bayan hatsarin Portland, ba su sauya harshe ba. Sun koyar da na ƙasa matakan ɗaga gargaɗi har zuwa umurni, sun koyar da kyaftin cewa wajibi ne ya saurara. Babu abin da ya hana asibiti a Kano ko Maraɗi ya amince da 'yar gajeriyar magana ta Hausa, kamar "a dakata, akwai haɗari", wadda kowa zai san duk wanda ya furta ta sai an tsaya, ko da mai share ɗaki ne. Sharaɗin shi ne shugaban sashe ya sanar da ita da bakinsa a gaban kowa, kuma kada nas ɗin da ta furta ta ta wayi gari da takardar tuhuma ko canjin wurin aiki.