Duma, Gwangwani da Wuyan Jita: Ƙirar Gurmi a Ƙasar Haɗejiya

Mu da muka tashi a gidan masu haɗa kayan kiɗa a Kaugama, ba a kanti muke samo kayan aiki ba. Duma daga gona yake zuwa, ko daga hannun masunta masu shuka manyan gorunan da suke hawa su yi su a fadama. Ƙananan da suka raina su ne rabonmu. Fatar akuya daga mahauta, fatar guza ta goge da kukuma daga maharba, izga kuwa sai an lallaɓi mai doki. A fafe duma, a kankare cikinsa, a jiƙa fata ta kwana, a ɗaura ta tun tana da laushi, a kafe ta, a bar ta ta bushe a inuwa. Mai gaggawa ya kai ta rana, ta tsage masa. Sai a zura sanda, a ɗora jaki a kan fata, a ja tsirkiya ta bi ta kansa. Jakin nan, ɗan itacen da bai kai yatsa ba, shi ke kai motsin tsirkiya ga fata, fata kuma ta yi magana.

Masu cewa a bar gurmi yadda aka gada ba su zauna da magabatan ba. Tun ina yaro izga ta fara ja da baya. Wayar birkin keke ta shigo, a warware ta a zare sili ɗaya. Ga kuma zaren nailan na fatsa, wanda a ƙasar masunta ba ya wuyar samu, ruwa kuma ba ya cin sa. Ban taɓa jin wani tsoho ya kira wannan ɓata sana'a ba. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigin da ake yi da gwangwanin kifi da fatar akuya, mai tsirkiya ɗaya tal, ya zaga duniya. A nan gida kuma Haruna Uji na Haɗejiya ya fitar da gurmi daga dandalin ƙauye ya kai shi rediyo da kaset, har samari suka riƙa zuwa suna cewa a yi musu irin na Uji.

Abin da ya karya kasuwarmu fiyano ne. Daga shekarun 1990, da finafinan Kano suka bunƙasa, yaro ɗaya a sutudiyo ya isa ya fitar da kalangu da sarewa da abin da yake kira gurmi. Masu garaya su ma suka ragu, saboda an daɗe ana alaƙanta ta da bori. Da yawa cikin masu ƙira suka koma gona.

’Yan shekarun nan ne samari suka fara kawo mana karyayyar jita suna neman a dasa wuyanta a kan duma. A ganinsu sabon abu ne, alhali ya daɗe a duniya. Banjon Amurka asalinsa bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka haɗa shi da duma da fata. Wani likita haifaffen Ailan, Hans Sloane, ya ga irinsa a Jamaika, zanensa ya fito a littafinsa na 1707. Masana sukan kwatanta banjon da akontin na Jolawan Sanigal da Gambiya, wasu kuma su ambaci gurminmu, domin shi ma sandarsa ratsa duman take yi. A shekarun 1840 William Boucher na Baltimore, mai ƙera ganguna, ya riƙa yin banjo da zoben katako da ƙarafan ɗaure fata. Mai tsirkiya shida irin na jita kuwa, shi Johnny St. Cyr ya kaɗa a ƙungiyar Louis Armstrong a shekarun 1920.

Ni dai kunnuwan jita na karɓe su hannu bibbiyu. A gurmin gargajiya da ’yar igiyar fata ake ɗaure tsirkiya a jikin sanda, ana tura ta sama ko ƙasa, tana iya zamewa ana tsakiyar waƙa. Kunne kuwa ka murɗa, ya tsaya. Ƙarafan da ke gicciye a wuyan jita su ne ban yarda da su ba. An jera su ne bisa ma'aunin Turawa mai murya 12, waƙoƙinmu kuwa galibi a kan biyar suke tafiya, kuma daɗinsu na cikin jan yatsa tsakanin murya da murya. Idan mai aikin ya amince, cire su nake yi in cike gurbin in goge.

Sai batun nauyi. Tsirkiyoyin ƙarfe shida na jita suna ja da ƙarfin da ya kusa kilo 70, duma ba zai ɗauka ba. Dole a ƙara wa wuyan katako ya ratsa ya fito ta ɗaya gefen, shi ya ɗauki jan, a kuma koma nailan, ko a rage tsirkiya zuwa huɗu.

Damina ce har yau ba mu gama da ita ba. Idan Kogin Haɗejiya ya cika, fadama ta jiƙe, fata takan saki, jaki ya nutse, murya ta dushe, sai makaɗi ya gasa ta a bakin wuta kafin ya fara. Masu banjo noti suke ɗaurewa kawai, amma duma ba ya riƙe noti, fashewa yake. Don haka wanda zai yi wasa cikin watan Agusta nakan ce ya nemo tsohuwar ƙaramar gangar faretin makaranta mai notinta, mu dasa wuyan a jikinta. Ƙararta ta fi ta duma kaifi, dattawa kuma ba sa son ta.