Wahalar Salihi a Tunanin Malaman Yahudawa

Idan muka waiwayi tarihin Yahudawa, za mu tarar tambayar dalilin shan wuyar salihi ta tsananta bayan Rumawa sun rushe Haikalin Urushalima a shekara ta 70 Miladiyya. Tsohuwar amsa ita ce zunubi ke jawo bala'i. To, wane zunubi Rabbi Akiba ya yi, da Rumawa suka yayyage namansa da matajin ƙarfe a zamanin tawayen Bar Kokhba?

Sai malaman Talmud suka kawo wani bayani: wanda ya binciki kansa bai ga laifi ko sakaci da karatun Attaura ba, wahalarsa ta ƙauna ce, Ubangiji na ƙara masa lada. Musa bin Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204, bai gamsu ba, domin a ganinsa Attaura ba ta faɗi haka ba.

Amma abin da ya fi jan hankalinmu shi ne halin malaman kansu. An ruwaito cewa da Rabbi Yohanan ya kwanta ciwo, Rabbi Hanina ya je duba shi, ya tambaye shi ko yana ƙaunar wahalar nan. Ya ce ba ya son ta, ba ya son ladanta. Hanina bai yi masa wa'azi ba. Hannunsa ya kama, ya tashe shi.