Juya kaset ɗin: waƙoƙin tsofaffin orkes da ba su iso kunnenmu ba

 Yau hirar tamu ta kiɗa ce, kiɗan jita na tsofaffin orkes da iyayenmu da yayyenmu suka yi rawa da shi. In aka zauna a fada ana shan shayi aka ambaci ɗaya daga cikinsu, za ku ji kowa ya kawo waƙa ɗaya ko biyu, kuma kusan kullum waƙoƙin nan ne dai ake maimaitawa. Alhali mutanen nan sun shekara goma, ashirin, wasu har arba'in suna kiɗa. To ina sauran waƙoƙin suka shiga? Wannan shi ne abin da muka bi sawu, kuma amsar tana cikin hanyar da kiɗa ya bi kafin ya iso garuruwanmu.

Mu fara da faifai. A 1949 ne kamfanin RCA na Amurka ya fito da ƙaramin faifan garmaho wanda ake kira 45, saboda sau 45 yake juyawa a minti ɗaya. Fuska biyu gare shi, kowace fuska waƙa ɗaya ta ƴan mintoci. Waƙar da kamfani yake sa ran za ta ci kasuwa ita ake ɗorawa a fuskar farko, ita ce gidan rediyo zai saka. Ta bayan kuwa sai wanda ya saya ya kai gida ya juya. Sau da yawa a bayan nan ne makaɗa ke zuba abin da ransu yake so, tunda babu mai matsa musu. Ko a ƙasar Turawa haka abin ya kasance ga manyan ƙungiyoyin kiɗan rok. Waƙar Beatles mai suna "Rain" a bayan "Paperback Writer" ta fito a 1966. Tafin nan da buga ƙafa da kuke ji a filayen ƙwallo na Turai, na waƙar "We Will Rock You" ta ƙungiyar Queen, a Ingila a bayan faifan "We Are the Champions" aka ɗora ta a 1977. Kun ga ke nan zama a baya ba shi ne rashin daɗi ba.

A nan Nijar, faifai bai yi yawa a hannun talaka ba. Rediyo ne ya raba mana kiɗa. An buɗe Radio Niger a 1958, aka sauya masa suna zuwa Muryar Sahel a 1974. Shekaru da dama, wanda duk yake son a ɗauki kiɗansa da na'ura mai kyau, sai ya nufi gidan rediyon ƙasa a Yamai. Can ake ɗauka a kan manyan zaruruwan na'ura, a ajiye a ma'aji. Orkes zai shiga ya buga waƙa shida ko takwas, mai gabatar da shiri ya zaɓi wadda ta yi masa, masu aiko da wasiƙun gaisuwa su yi ta neman ita ɗin dai, sauran su kwanta a kan kanta. Wannan shi ne mataci na farko.

Lokacin mulkin Seyni Kountché, samariya ta yi ƙarfi, kuma daga 1976 aka fara bikin matasa na ƙasa a Damagaram, yana zagaya manyan garuruwa shekara-shekara. Kowace jiha tana zuwa da ƴan wasanta da makaɗanta. A 1987 aka soma gasar Ɗan Gurmu ta kiɗan zamani, da sunan shahararren mai gogen nan na Tawa. Wajen 1990 kuma aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa a Yamai, wadda ke ɗauke da sunan Elhaji Taya. Waɗannan sun raya orkes da yawa, babu musu. Sai dai ita gasa waƙa ɗaya take ɗagawa, wadda ta ci kyauta. Wadda aka buga a daren bal a gidan matasa, bayan alƙalai sun tashi, babu wanda ya rubuta sunanta.

Babban misali shi ne Azna de l'Ader, wato Aznan Adar, na Tawa. In ana maganar rok na gaske a Nijar, da jita mai kururuwa da ganga mai nauyi, to su ne. Shugabansu Mona tun shekarun 1970 yake kaɗa jita irin ta Jimi Hendrix, ya gauraya ta da kiɗan gargajiyar Adar, yana waƙa da Hausa. Mutanen Tawa sun san su sarai, amma sun yi shekaru masu yawa ba su da faifai a kasuwa. Sai da wani ɗan Amurka, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya bi sawun tsofaffin ɗaukarsu ya fitar da faifai mai suna "Zabaya". Yau ɗan Jamus ko ɗan Japan yana iya sauraren Mona a ɗakinsa, mu kuwa da muke ƙasa ɗaya da shi, da yawanmu ko sunan ba mu taɓa ji ba.

Labarin Mamman Sani ya fi wannan ban mamaki, don shi kam mun ji shi, ba mu dai san shi ne ba. Ɗan kiɗan lantarkin nan mai sanyi da ake sakawa tsakanin shirye-shirye a rediyo da tele, da yawa daga ciki nasa ne. A 1978 ya ɗauki kaset guda a gidan rediyon ƙasa, kwafi kaɗan aka buga, abin ya ɓace. Sai a 2013 Sahel Sounds ta sake fitar da shi da sunan "La Musique Électronique du Niger". Duk wanda ya haura shekara arba'in, ya nemi "Salamatu" a cikin faifan nan ya saurara, zai ji kamar an mai da shi tsakar gidansu da magariba.

Su ma waɗanda suka samu faifai a waje ba su tsira ba. A 1994 kamfanin Stern's na Landan ya fitar da "Niamey Twice", inda Moussa Poussy da Sa'adu Bori na Maraɗi suka raba faifan biyu, kowa da nasa waƙoƙin. Jama'a sun riƙe "Dango" da "Bori" na Sa'adu, amma wa zai iya jero sauran? Sa'adu Bori ya rasu a hatsarin mota a 2008, Allah ya jiƙan shi. Haka Mamar Kassey, ƙungiyar da Yacouba Moumouni mai sarewa ya kafa da abokansa a 1995. Sunan "Denké-Denké" na faifansu na 1999 ya bi shi har ya zame masa laƙabi, amma daga baya sun fitar da "Alatoumi", a 2013 kuma "Taboussizé-Niger", kuma a cikinsu akwai waƙoƙin da ba a cika jin su a gidan biki ba saboda ba na rawa ba ne, na zama a saurara ne.

Yanzu mu dawo gida. Mu mutanen ƙasar Gaya Allah ya ajiye mu a mahaɗa. Gada ɗaya ce tsakanin Gaya da Malanbil, Kamba kuma ga ta nan a gabas. A da, direbobin manyan motoci da ke ɗauko kaya daga tashar jirgin ruwan Kwatano, da fatake, da ƴan ci-rani, ba kaya kaɗai suke kawowa ba, har da kiɗa. Ta nan ne kunnen iyayenmu ya saba da Poly-Rythmo na Kwatano, ƙungiyar Mélomé Clément da ta taso a ƙarshen shekarun 1960. Mutanen nan sun ɗauki waƙa sama da 500. Mai sonsu na gaske a cikinmu, in ya yi ƙoƙari, zai kawo biyar.

Akwai ma waɗanda suka fi kusa da mu, wato Super Borgou na Faraku, ƙungiyar Moussa Mama. Da Barbanci da Dandanci suke waƙa, Dandancin nan da ake ciniki da shi a kasuwar Gaya. Sun yi tashe a farkon shekarun 1970, daga baya aka manta da su. Wani ɗan asalin Tunisiya mazaunin Jamus, Samy Ben Redjeb, mai kamfanin Analog Africa, shi ya yi ta yawo gida-gida da rumbu-rumbu a Benin yana tattara tsofaffin faya-fayai. A 2008 ya saka waƙarsu "Congolaise Benin Ye" cikin tarin da ya kira "African Scream Contest", tare da "Gbeti Madjro" ta Poly-Rythmo. A 2012 ya fitar musu da faifai sukutum, "The Bariba Sound", na waƙoƙin 1970 zuwa 1976. Ku duba fa, waƙa da harshen maƙwabtanmu, sai da ta je Frankfurt ta dawo kafin jikokin masu ita su ji ta.

Mataci na biyu shi ne kaset. Kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, amma sai a shekarun 1970 da 1980 ya cika kasuwanninmu. Kaset ya yi mana rana, don shi ya kai kiɗa ƙauyen da babu lantarki. Amma ku tuna yadda ake yi. Mai shagon kaset yana da na'ura mai baki biyu, kai kuma ka zo da kaset ɗinka na minti sittin, ka ce a zuba maka masu daɗi. Shi zai tsinto waƙa ɗaya daga nan, ɗaya daga can. Babu sunan orkes, babu shekara, sai dai a rubuta "Zabarma" ko "Benin" da biro a jiki. Ga kuma tsadar batir. Wa zai ƙona batir a kan waƙar da bai sani ba? Sai a zare kaset, a soka biro a rami, a juya da hannu a komo kan wadda ake so. Da yawanmu mun yi shekara da kaset ba mu taɓa jin ƙarshen fuska ta biyu ba.

Na uku shi ne gidan biki. Mai kayan sauti an ɗauke shi ne don a yi rawa, in ya saka waƙa mai sanyi ƴan mata za su watse, uwar biki ta harare shi. Saboda haka waƙoƙin nasiha, na kewar gida, na yabon manomi da masunci, su ne suka fara faɗuwa. Da salula ta zo da katin memori, abin ya ƙara sauri. Mdou Moctar a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, "Anar", a 2008, kuma ta waya zuwa waya waƙoƙin suka ratsa Sahel, sau da yawa ba tare da sunansa ba. Yau kuma mun zo zamanin da ake yanko daƙiƙa talatin na waƙa a ɗora a bidiyo, sauran mintocin ko oho.

Me ya sa muka damu? Saboda abin yana lalacewa muna kallo. Zaren kaset ba ya son zafi, ba ya son ƙura, ba ya son laima, mu kuwa a Dallol Mawri duka ukun muna da su. Zaren yakan manne, ko ya yi fumfuna, ko ya tsinke. Faifai in ya sha rana sai ya lanƙwashe, gara kuma ta cinye kwalinsa inda sunayen makaɗa suke. Dattawan da za su ji waƙa su ce wannan wane ne ya kaɗa, a gari kaza, shekarar kaza, suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Wata waƙar, wallahi, ƙila kwafinta na ƙarshe a duniya yana cikin adakar wata tsohuwa a Yelu, ƙarƙashin zannuwan aurenta.

Ga roƙonmu. Wanda yake da tsofaffin kaset ko faya-fayai a gida, kada ya zubar, kada ya ba yara su yi wasa da zaren. A kakkaɓe su, a sa a inuwa inda iska ke shiga, nesa da ƙasa. Kada a jefa tsohon kaset cikin rediyon da ya daɗe bai yi aiki ba, don zai iya tauna zaren. A fara juya shi da biro a hankali daga farko har ƙarshe, a ga ko yana tafiya. In an samu na'ura mai lafiya, a ɗauke sautin zuwa waya ko kwamfuta, fuska biyun duka, har da waƙar da ba ku so. Sannan a zauna da mai kaset ɗin a tambaye shi inda ya saya, da shekarar, da wanda yake waƙar, a rubuta. In mai waƙar ko iyalinsa suna raye, a ambaci sunansu duk inda aka watsa, kuma kada a sayar da guminsu ba da saninsu ba.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Ku faɗa mana a ƙasa, wace waƙar tsohon orkes ce kuke so wadda ba ku taɓa jin an saka ta a rediyo ko a biki ba? Wanda ya tuna amo bai tuna suna ba, ya rera mana a saƙon murya, wataƙila wani dattijo a Gaya ko Malanbil zai gane ta. Abin da muka tara za mu kawo muku a rubutu na gaba, da sunan garin da aka samo kowane kaset.

Allah ya jiƙan makaɗanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara wa na raye lafiya. Sai mun ji daga gare ku.