Wa'adin Takarda da Wa'adin Ƙarfe: Tarihin Duba Lafiyar Mota a Kudancin Katsina

Kowace motar haya da ke tashi daga Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa tana ɗauke da wa'adi iri biyu. Na farko yana rubuce a takardar shaidar lafiyar mota, wadda ƙa'ida ta ce a sabunta duk bayan wata shida ga motar haya, ko sau ɗaya a shekara ga motar gida. Na biyu yana jikin birki da taya da sitiyari, kuma shi ba ya jiran sa hannun jami'i. An ƙirƙiro na farkon ne domin ya riga na biyun cika. Tarihin duba ababen hawa a Najeriya kuwa, labari ne na yadda waɗannan wa'adodi biyu suka raba gari.

Dokar zirga-zirgar motoci ta farko an yi ta ne a 1913 domin Kudancin Najeriya, aka faɗaɗa ta zuwa ƙasa baki ɗaya a 1916, shekara biyu bayan haɗe Arewa da Kudu. A lokacin jaki da raƙumi ne ke ɗaukar kayan ƙasar Katsina. Auduga ce ta sauya lamarin. A shekarun 1920 Turawa suka buɗe gonar irin auduga a Daudawa, wadda yau take cikin Ƙaramar Hukumar Faskari, kuma kafin ƙarshen waɗannan shekaru layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya nufi Gusau. Sannu a hankali manyan motoci suka karɓi aikin kai auduga da gyaɗa bakin tasha. Da motoci suka yawaita, aka yi sabuwar doka a 1947, ta fara aiki a 1949, kuma daga gare ta aikin jami'an duba ababen hawa, waɗanda aka fi sani da VIO, ya samo tushe.

Manufar a fili take: a gano lahani tun mota tana tsaye. Irin wannan tunani ne ya sa Birtaniya ta fara gwajin motoci na shekara-shekara a 1960, inda ake duba birki da fitila da sitiyarin duk motar da ta kai shekara goma. Kafin 1967 ta ƙare an sauko da shi zuwa shekara uku. Sai dai tsari irin wannan yana buƙatar wurin gwaji a kusa da mai mota, da na'ura, da kundin da ke nuna wanda ya zo da wanda ya ƙi zuwa.

Najeriya ta taɓa nuna cewa tana iya cika wa'adi. Ranar 2 ga Afrilu, 1972, a zamanin Janar Yakubu Gowon, ƙasar ta koma tuƙi a hannun dama, kuma kowa ya bi a rana guda, domin wanda ya saɓa zai ga sakamakonsa nan take a gaban motar da ke tahowa. Wa'adodin da suka biyo baya ba su sami wannan ƙarfi ba. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, wata kaɗan bayan ƙirƙiro Jihar Katsina a Satumban 1987, Farfesa Wole Soyinka ya zama shugabanta na farko. Sabuwar lambar mota da hukumar ta fito da ita a 2011 ta sha ɗage wa'adi, har wata Babbar Kotun Tarayya a Legas ta yanke hukunci a 2014 cewa ba a da hurumin tilasta ta, kafin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin. Na'urar ƙayyade gudu a motocin haya an sa mata ranar 1 ga Yuni, 2015, aka yi ta ɗagewa har zuwa 1 ga Fabrairu, 2017. Darasin da direbobi suka ɗauka shi ne ranar gwamnati ba ta cika tsayawa inda aka ajiye ta ba.

A daidai wannan tsakani motocin kansu suka tsufa. Kamfanin Peugeot da aka buɗe a Kaduna a 1975 ya sa ma'aikaci da ɗan kasuwa suna iya sayen mota sabuwa fil. Faɗuwar darajar naira daga 1986 ta rufe wannan ƙofa, aka koma ga motocin gwanjo na Turai, da yawansu ta tashar ruwan Kwatano, su biyo ta Maraɗi su shigo ta Jibiya, har gwamnati ta hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa daga farkon 2017. Tare da su aka riƙa shigo da tayoyin da suka riga suka ci zamaninsu. Sai da fashewar taya ta yi sanadin rasuwar Ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi, a hanyar Kaduna zuwa Abuja ranar 6 ga Maris, 2016, sannan jama'a da dama suka ji cewa lambobi huɗu da ke gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka ƙera ta.

Me ke samun wanda ya bari wa'adinsa ya wuce? Dokar hukumar ta 2007 ta yanka tarar naira 5,000 ga mai tuƙa mota mai lahani, da naira 10,000 ga mai lodi fiye da kima. Ana iya tsare motar, kuma idan wata shida ya cika ba a zo karɓa ba, hukuma na iya neman kotu ta mallaka mata ita. Ga direban da ke jiran ranar kasuwar Sheme ko ta Ɗandume, yini guda a tsare ya fi tarar ciwo. Amma tarar ba ta kai kuɗin sabuwar taya ɗaya ba, don haka lissafin mai mota ya karkata ga biyan tara, ko sabunta takarda ba tare da an leƙa ƙarƙashin motar ba. Ta haka shaidar lafiya ta rikiɗe ta zama rasiɗin kuɗin shiga.

Gwamnatoci sun lura da wannan rauni, kowace ta nemi mafita. Kano ta kafa KAROTA a 2012. Kaduna ta rushe ofishin VIO a 2015. Legas ta janye jami'an daga tituna a 2017, ta koma gwaji da kwamfuta. Katsina ma daga baya ta kafa tata hukumar, KASSAROTA. A Oktoban 2024 kuma, Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta hana jami'an VIO na birnin tare motoci, kama su ko cin tararsu.

Duk waɗannan gyare-gyare na birane ne. A Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, tambayar da hukuma ke yi wa abin hawa ta sauya salo tun da 'yan bindiga suka addabi yankin. Bayan sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar tsaro a ƙarshen Agustan 2021. Aka rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, aka hana jigilar shanu zuwa wasu jihohi da ɗauko itace daga daji, aka hana goyon mutum uku a babur, aka kuma ƙayyade man da za a sayar wa mota kan naira 5,000 a ƙananan hukumomin nan uku da maƙwabtansu. An bi wannan umarni nan da nan, domin akwai bindiga a bayansa. A shingen bincike ana tambayar abin da mota ta ɗauko da inda za ta, ba a tambayar birkinta. Direba kuma ya sami sabon dalilin taka wuta: gudun kada almuru ta riske shi a daji, da tsohuwar mota da lodin masara har saman rufi.

Shekara fiye da ɗari bayan dokar 1913, abin da tarihin ya nuna shi ne wa'adi yana aiki ne idan cika shi ya yi sauƙi, saɓa shi kuma ya yi tsada. A kudancin Katsina akasin haka ake ciki. Gyaran ba ya buƙatar sabuwar doka. Abin da yake buƙata shi ne wurin gwaji a tashoshin Funtuwa da Malumfashi, inda motocin suke taruwa da ma, da hannun ƙungiyar direbobi wadda ke da ikon hana mota ɗaukar lodi, da takardar da ba ta fita sai an gwada birki. Kafin a kai ga haka, fasinjan da ya shiga mota a Sabuwa zai ci gaba da biyan kuɗin wa'adin da wani ya ƙi cikawa.