Enzayim da Gorar Roba: Abin da Yake Ci da Abin da Ya Gagare Shi

A shekarar 2016 wasu masu bincike a Japan suka sanar cewa sun tsinci wata ƙwayar bakteriya a wurin tara gorunan roba da ke birnin Sakai, wadda take cin robar PET ta rayu da ita. Suka raɗa mata suna Ideonella sakaiensis. Makamanta enzayim biyu ne, wato furotin ɗin nan da ke hanzarta aiki a jikin halitta: PETase shi ke fara datsa, MHETase ya ƙarasa.

Abin lura shi ne inda suke datsawa. Robar PET, wadda ake yin gorar ruwa da ta lemo da yadin poliyesta da ita, kamar carbi take: sinadarai biyu ake jerawa bi da bi, mahaɗin da ake kira esta ya ɗaure su. Wannan ɗaurin enzayim yake tsinkawa da taimakon ruwa, 'ya'yan carbin su zube, a tace su, a sake jera su. Narkarwar da aka saba yi tana rage wa roba inganci duk zagaye. Wannan hanyar kuwa tana mayar da ita asalinta, ko da mai launi ce.

Sai dai ƙwayar Sakai tana da nawa, don sai ta shafe makonni shida kafin ta cinye ɗan siririn falle. A 2020 kamfanin Carbios na Faransa ya bayyana wani enzayim da aka samo daga takin ganye, aka yi masa kwaskwarima, ya warware kashi 90 cikin 100 na robar a sa'o'i 10, a zafin da ya ɗan haura digiri 70. Sirrin yana ga zafin. Sai robar ta yi laushi enzayim ke samun kafa. Inda sinadaran suka cushe suka ƙame, ba ya iya kutsawa. Shi ya sa ake narka gorunan a niƙe su tukuna, kuma a nan kuɗin wuta ke tafiya. Carbios ya buɗe masana'antar gwaji a Clermont-Ferrand a 2021, amma a ƙarshen 2024 ya ɗage ginin babbar masana'antarsa ta Longlaville saboda jiran kuɗi. A ganina wannan ya fi duk sakamakon ɗakin bincike faɗin gaskiyar lamarin: muddin sabuwar roba daga man fetur tana da arha, wadda enzayim ya warware za ta sha wuya a kasuwa.

Akwai kuma abin da masu murna kan tsallake. Ledar fiya wata da baƙar ledar da ke toshe kwalbatoci a Kano da damina polietilin ce, ba PET ba. Jerinta kabon ne zalla riƙe da kabon, babu ɗaurin esta ko ɗaya da PETase zai kama. Gorar ma, kafin ta kai ga bola, mai kunun aya ko zoɓo ta riga ta saye ta a hannun yara ta wanke.