Gargaɗin Irmiya da Rushewar Ƙudus a Ruwayar Baibul

Littafin Irmiya, cikin Tsohon Alkawari, ya ɗora faɗuwar Ƙudus a kan saɓon mutanen Yahuda. A babi na 25, Irmiya ya shekara 23 yana hana su bautar gumaka, suka toshe kunne. Mafi muni shi ne abin da ke babi na 36: ana karanta wa Sarki Yehoyakim takardar gargaɗin, yana yanka ta da wuƙa yana jefawa wuta.

Wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), rundunar Bukhtanassar, sarkin Babila, ta ƙone birnin da ɗakin ibadarsa, aka makantar da Zadakiya, sarkinsu na ƙarshe, aka kwashe jama'a. Wasu malaman tafsiri suna ambaton Bukhtanassar a farkon Suratul Isra'i, amma Alƙur'ani bai kama sunansa ba.