Haruffa uku da suka ba C'Lela gurbi a intanet

A ce ka rubuta littafi da C'Lela a Zuru, kana son sakinsa a intanet. Kafin ya fita, sai ka cike bayanansa: suna, lambar shaida, da harshen da aka rubuta shi. Tsarin EPUB na littattafan waya da kwamfuta ya wajabta ukun nan. To, gurbin harshen nan yana da tarihi.

Kwamfuta ba suna take nema ba, alama take so. Hausa ta daɗe da "ha" a jerin hukumar ISO mai haruffa biyu, wanda bai kai harsuna 200 ba. A 1998 aka fito da mai haruffa uku, amma C'Lela bai shiga ba. Sai dai a jefa shi cikin "nic", kwando ɗaya da ɗaruruwan harsunan Afirka, mai nema ya yi ta lalube.

A 2007 ne jerin ISO 639-3, wanda ƙungiyar SIL ke kula da shi, ya tattaro harsuna sama da 7,000. C'Lela ya samu "dri", Fakkanci "gel", Dukanci "dud". Kuma jerin yakan canza: a 2019 aka raba "dud" gida biyu, "uth" da "uss".

Manhajoji da yawa kan zo da Turanci a gurbin nan. Idan ka bar shi haka, a Turanci za a lissafa littafinka, ɗan Zuru mai neman harshensa ya wuce bai gan shi ba. Duba gurbin kafin ka saki littafin.